Launin Yashi

Ni ne Odair, mai dama fenti
a masana'antar motocin sulke, ƙetaren kogin Paraiba.
Shekara goma sha ɗaya ina haɗa launin hamada
a garin da ruwan sama ba ya sallama.
Ban taɓa taka hamada ba.
Wani kanar ne ya zo da yashi a kwalbar magani,
ya zuba mini a tafin hannu,
tafinta ya ce: "Kamar wannan yake so. Kada ya fi shi haske."

Rawaya gwangwani uku, ja rabin ludayi,
fari kuwa sai ido ya ce ya isa.
A duk ƙasar Brazil
wannan lissafin kaɗai na sani da ya kwana ya tashi yadda yake.

Kuɗinmu sun sake suna sau biyu
kafin Ivonete ta gama firamare.
A yanke musu sifiri uku kamar farce,
kafin wata ya mutu sun tsiro.
Ran albashi Zulmira na bakin ƙofar masana'anta,
ta karɓe ambulan tun bai ji ɗumin aljihuna ba,
ta faɗa kanti a guje
don ta riga yaron da ke manna sabon farashi.
In ta ji bindigarsa a layin shinkafa, ƙyas, ƙyas,
sai ta yanke ta layin wake.
Mu muna ƙera mai aman wuta,
ga ta takarda tana cin mu da yaƙi kullum.

Da dala ta fi ƙarfinmu,
injiniya Valdomiro ya daina duba kundin Turawa.
Rashin uwa, in ji shi, akan yi uwar ɗaki.
Ya ciro giya daga tirela, birki daga bas,
ya ɗinke su da ƙarfen gida,
har ta zama motar da kowane makanikin bakin titi
zai iya buɗe cikinta ya gane 'yan uwansa.
Araha ta yi mana talla.
Da daddare ake jan su zuwa tashar Santos,
lulluɓe da tamfol kamar masu jin kunya.
Manya suka ce mu ne ke shigo wa ƙasa da dala.
Ni dai ko warinta ban ji ba.

Wani dare a labarun ƙarfe takwas
na ga aikina a gefen wata hanya mai nisa,
rabi ya ƙone, ƙofa a buɗe,
takalmi ɗaya a ƙasa.
Abin da ya fara zo mini, Allah na gani,
shi ne: kai, fentin nan ya riƙe.
Sai daga baya wake ya tsaya mini a wuya.
Zulmira ta ce, "Ci mana. Gobe ya fi haka tsada."

Aka gama yaƙin. Mai bashi ya daina ɗaga waya.
Mota arba'in suka rage a fili,
launin ƙishirwa a tsakiyar kore,
ciyawa ta kai musu gwiwa,
wata kaza ta yi ƙwai a mazaunin direba.
Valdomiro yanzu firji yake gyarawa.
Ni aka sallame ni da durom biyu na fenti
a madadin wata bakwai.

Na shafe gidana da shi.
Na shafe na Juraci, ya biya da buhun garin rogo.
Sai na mai burodi, sai katangar coci,
sai kejin akun wata tsohuwa.
Yau in ka hau tudu ka hango layinmu
da ƙyar za ka gan shi da rana tsaka.
An yi fentin don ɓuya ne, ai.

Kwalbar kanar tana kan taga har yanzu.
Jikata ta tambaye ni ko sukari ne.
Na ce a'a.
Ta ce to me ya sa ake ajiye shi?